Bin Daji da Kyamara

Mutanenmu sun san mai hoto a gidan biki, sun san shi a situdiyo wurin ɗaukar fasfo, sun kuma san shi ranar hawan sallah yana kutsawa tsakanin dawaki. Wanda ba su saba da shi ba shi ne mutumin da zai tashi tun asubar fari, ya biya kuɗin mota, ya biya na kwale-kwale, ya je ya tsuguna cikin laka don kawai ya ɗauki hoton zalɓe. Tun farkon shekarun 1980 nake wannan abu, amma har gobe in na ambata a majalisa sai an samu mai tambaya, "To Malam, shi zalɓen ne zai biya ka?"

Ba ya biya. Gara in faɗi wannan da wuri saboda samarin da ke zuwa wurina da sabuwar kyamara da dogon buri. Albashin koyarwa ne ya riƙe gidana, hoton biki da na suna su suka sayi fim, daji kuwa ci kawai yake yi. A da can akan samu banki ko ma'aikata su sayi hoto ɗaya ko biyu don kalandar ƙarshen shekara, yanzu wannan ƙofar ma ta ƙuntata, tunda kowa na iya kwaso hoto a intanet ba tare da ya tambayi mai shi ba. Wanda ya shiga harkar don kuɗi ba zai yi damina biyu ba zai ajiye. Waɗanda na ga sun daɗe duk suna da wata hanyar cin abinci, kuma duk suna da iyali masu haƙuri, don kuɗin da wani zai ƙara wa cefane shi mu muke zubawa a tankin mota.

Da fim na fara, kuma ina ganin alheri ne gare ni da na fara da shi. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, wani 24. Bayan da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kuɗin fim da na wanki suka yi tashin gwauron zabo. Sai ya zama duk danna maɓalli kuɗi ne ke fita daga aljihu. Mutum kan ɗaga kyamara, ya duba, ya sauke, ya sake dubawa, sau da yawa ya tashi bai ɗauki komai ba. Ga shi ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka koma gari an wanke, wani fim ɗin ma, irin Kodachrome da kamfanin Kodak ya daina yi a 2009, sai an aika ƙasar waje a yi ta jiran gidan waya. Wannan jira shi ya tilasta mini kallon abu da ido kafin in kalle shi ta gilashi. Yau yaro zai ɗauki hoto ɗari biyar na tsuntsu ɗaya cikin minti goma, in ka tambaye shi me tsuntsun ke ci sai ya ce bari ya duba. Ba laifin kyamarar zamani ba ne, ni ma ita nake riƙewa yanzu, kuma ta fi tsohuwar gani cikin duhu nesa ba kusa ba. Amma natsuwar da tsadar fim ta ɗora mana dole, shi yaron yau sai ya ɗora wa kansa da gangan.

Littattafan koyon hoto da muka karanta duk Turawa suka rubuta, kuma hasken ƙasarsu suke kwatantawa. Suna maganar doguwar yamma wadda rana ke jan ƙafa kafin ta faɗi. Mu nan ba mu da wannan. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana takan faɗi kusan a miƙe, tsakanin jan haske da kiran magariba ɗan lokaci ne ƙalilan. Da safe ma haka, da hantsi ya ɗaga shi ke nan, haske ya yi fari fat, inuwa ta taru a ƙarƙashin abu, launi ya mutu. Daga nan har bayan la'asar aikin mai hoto shi ne ya nemi inuwa, ya yi sallah, ya yi hira da mutanen wuri. Sai kuma hazo. Ƙurar da ke rufe mu a hunturu galibinta daga kwarin Bodele take tasowa a ƙasar Cadi, tsohon gindin tafki ne da ya bushe, kuma masana sun ce babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, har wani ɓangarenta kan ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon. Hazo yana kashe hoton nesa, dutse da tsauni duk su ɓace. Amma yana ba da abin da babu a wani lokaci: ana iya kallon rana kai tsaye ta zama kamar jan faifai a bayan kuka, shanu su fito daga cikin farin sarari ɗaya bayan ɗaya. Mai son sararin sama wankakke da nesa mai kaifi kuwa sai ya jira bayan ruwan fari, ko ƙarshen damina zuwa farkon kaka.

Ita ƙurar ba hoto kaɗai take taɓawa ba. Ba a canza gilashin kyamara a fili cikin hunturu, ba a goge shi da hannun riga, hura shi ake yi tukuna, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi masa zane na har abada. A tsaunin Mambila kuma, wajen Gembu da Nguroje, abokin gaba ya juya ya zama laima: gilashin da aka bari cikin jaka a jiƙe sai fumfuna ta yi saƙa a cikinsa. Kyamara ɗaya, ƙasa ɗaya, cuta biyu.

Mafi yawan abin da na sani game da tsuntsaye ba a littafi na samo ba, a fadamun Haɗeja da Nguru na samo, wurin masunta. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa ni a kwale-kwalensa, Allah ya jiƙansa. Ranar farko da ya gan ni cikin farar riga sai ya ƙare mini kallo ya ce, "Malam, ɗaurin aure za mu ko ruwa?" Na ce, "Ruwa, Baba." Ya ce, "To a sauya riga." Ya ba ni wata tsohuwar taguwa mai launin ƙasa. Daga nan karatu ya fara. Kada ka miƙe tsaye a jirgi. Kada ka nuna tsuntsu da yatsa. Kada ka nufe shi kai tsaye, ka yi kamar wucewa za ka yi, ka riƙa rage tazara a karkace. Tsuntsun ruwa ya saba da masunci mai duba komarsa, ya saba da garken shanu, abin da bai saba da shi ba shi ne mai tsayawa yana zura masa ido. Ya san inda kirinjijiya ke kwana da inda take kiwo, ya san ta wace kusurwa dinya ke tashi in iska ta juya, ya san cewa zalɓe in an kore shi daga kututture, in aka yi shiru, zai dawo kan wannan kututturen dai. Sai mu ɗaure jirgi a jikin ciyawa mu jira shi ya dawo, hasken na bayanmu, ni kuma na riga na daidaita komai.

Daga baya na gane cewa ilimin maharba ne wannan, ba ragi ba ƙari. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshinsa ya sunkuya yana tafiya yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci barewa, abin da ya karanta shi ne abin da nake buƙata: iska, tazara, halin dabba, haƙuri. Shi ya sa duk inda na sauka nakan tambayi tsofaffin maharba da makiyaya kafin in tambayi mai takarda. Kuma ina biyan su da kyau, ina rubuta sunayen da suke kiran abubuwa da su. Wani abin takaici shi ne masu hoto da yawa kan dawo da hoto mai kyau su karɓi yabo, ba ko ambaton mutumin da ya kai su ya zaunar da su a daidai wurin.

Fadamar nan ita ta koya mini amfanin komawa wuri ɗaya. Mai yawon buɗe ido yana son sabon wuri kullum, ya ƙara a lissafinsa. Ni ma ina son sabon wuri, amma hotunan da suka fi daraja a akwatina na wuraren da na yi ta komawa ne shekara bayan shekara. Ruwan fadamun Haɗeja da Nguru daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake zuwa. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, kuma tun daga nan ambaliyar da ke cika fadama a damina ta janye a rani ta sauya hali. Inda ruwa ya daina janyewa sai kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin jirgi, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar jan-baki masu yi wa manoma ɓarna. Ina da hoton wata mashiga da na ɗauka daga gindin giginya guda a lokuta daban-daban. A na farko ruwa ne shimfiɗe da jirage. A na baya ba ka ganin komai sai bangon kacala da ya fi mutum tsayi. Kowane ɗaya shi kaɗai hoto ne kawai, ba wanda zai tsaya kallonsa. In aka jera su sai su zama shaida. Duk da haka wurin bai mutu ba: agwagin da ke gudun sanyin Turai har yanzu suna sauka daga wajen Oktoba su tashi wajen Maris, an sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, kuma Dagona, inda Yarima Philip na Ingila ya kai ziyara a 1989, tana nan a matsayin mafakar tsuntsaye.

Yankari kuwa kowa ya santa, ko da a suna. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama gandun dajin tarayya a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Baƙo kan zo da abu biyu a ransa, wanka a ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31 dare da rana, da ganin zaki. Na farkon tabbas ne, na biyun kuwa sai mai rabo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Zafi ne mai tsanani, amma a nan ake ganin ɓauna da gwanki da gwambaza, in an yi sa'a har giwaye. Wani ma'aikacin gandun da muka saba ya taɓa dafa kafaɗata lokacin da wata giwa mai ɗa ta buɗe kunnuwa ta juyo, ya ce a hankali, "Yallaɓai, hoton ya isa haka." Muka ja da baya. Na riƙe wannan magana a matsayin doka: in dabba ta daina abin da take yi saboda kai, ka matso da yawa. Na sha ganin direba yana danna oda don ɓauna ta ɗago kai, ko wani ya jefi kada da dutse don ya motsa. Hoton da aka samu ta haka, dabba ce a firgice, kuma wanda ya san daji da kallo ɗaya zai gane. Haka masu leƙa sheƙar tsuntsu su karya reshen da ya rufe ta don haske ya shiga: sun samu hoto, sun kuma nuna wa shaho hanya. A zamanin nan akwai ƙarin hattara, domin wayar hannu kan liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Giwayen Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, kuma masu neman haure su ma suna da waya.

Ban da giwa, ranakun da suka fi mini daɗi a Yankari su ne waɗanda ba a ga wani babban abu ba. Sai in zauna da carki a bayan ɓauna yana cire mata kaska, ko namijin cilakowa yana kai wa matarsa abinci ta ɗan tsagin da suka bari a kogon itace bayan sun liƙe shi. Birai kuma na sansanin Wikki ba sai an neme su ba, su ke nemanka, kuma wanda ya bar jaka a buɗe ko taga ba sakata zai ba da labari.

Yanzu ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Lokacin fim, in saura hoto biyu ko uku a naɗi kuma ina son kai wa wanki, nakan ƙarasa su a kan duk abin da ke kusa. Sau da yawa abin da ke kusa ungulu ce. Tana kan rufin kwanon kasuwa, tana bakin kwata tana jiran mahauta su watsar da tumbi, tana jere a kan rimi. Ba wanda ke ɗaukar ta a bakin komai. Yau waɗannan hotunan cike-gurbi su ne masu bincike suka fi roƙona. Ungulu ta ɓace daga yawancin garuruwanmu a kan idonmu, ba wanda ya lura da ranar da ta tafi. A 2015 ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sanya irin ungulun nan tamu ta gari a matakin dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: guba da ake sa wa mushe, cinikin kanta da sassan jikinta wurin masu tsibbu, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Yaro zai ce maka ungulu ba ta jewar banza, alhali bai taɓa ganin jewar tata ba. Gauraka ma haka, tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, wanda na ɗauka garke-garke a fadama, yanzu an fi ganin sa a tsakar gidan masu hali da fiffike a yanke. A Baga na ɗauki jirage da tarin bandar kifi a lokacin da tafkin Cadi ya riga ya ja baya ƙwarai, domin daga wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 sun mai da shi abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ina ɗauka ina ganin na zo a makare. Yanzu kuma ana kallon hotunan ana cewa ashe haka wurin yake da albarka.

Abin da ya ba waɗannan hotuna amfani ba kyawunsu ba ne, wasunsu ma a karkace suke. Rubutun da ke bayansu ne. Tun farko na saba rubuta wuri da wata da shekara a bayan kowane hoto da jikin ambulan ɗin nagatif, ina kuma da ƙananan littattafai da nake rubuta abin da na gani, da wanda ya raka ni, da yanayin ruwa. Hoton ungulu hamsin a kan rufi ba kwanan wata, ado ne. Da aka rubuta gari da shekara a bayansa sai ya zama abin da masani zai kafa hujja da shi. Don haka nake gaya wa samari su ɗauki abin da suke ganin ya yi yawa har ya gundure su: balbela a bayan shanu, jemagu a bishiyar mangwaro, goriba a bakin hanya, kasuwar itace, jakuna. Ba wanda ya san wanne ne zai bi ungulu.

Ba duka labarin ne na asara ba. A Kure, wajen kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, akwai raƙuman dawa na ƙarshe na irin Afirka ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu zuwa kimanin hamsin. Gwamnatin Nijar ta hana taɓa su, aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka, suka hayayyafa suka haura ɗari shida, har a 2018 aka kwashi takwas aka kai Gadabeji don a kafa sabon garke. Abin da ya ba ni mamaki a can shi ne ba shinge, ba gandu. Raƙumin dawa na cin ganyen gawo a tsakiyar gona, mace na wucewa da tulu a ka, yaro na kora awaki ta ƙarƙashin wuyansa. Manoma na ƙorafin yana ci musu wake, kuma gaskiyarsu ne. Baƙi da yawa kan yi ta kewaye-kewaye don su cire bukka da mutane daga hoton, ya fito kamar dajin Kenya. Ni kuwa mutanen nake nema su shiga, don zaman tare ɗin shi ne labarin wurin. A arewacin Agadas, a Dabus, akwai zanen raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsayinsa ya haura mita biyar, a wurin da yau ba ruwan da zai riƙe irin wannan dabba. Wanda ya sassaƙa shi ma abin da ya saba gani kullum ya zana. A gidan tarihi na Yamai kuma ana ajiye da gangar itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a cikin hamada ayari na kwatance da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Abin da ya rage na yadda take a tsaye shi ne hotunan matafiyan da suka ga dacewar tsayawa su ɗauka.

Kure ɗin nan ce aka kai wa hari a watan Agustan 2020, aka kashe mutum takwas, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan rakiya. Taswirar wuraren da nake iya zuwa ta yi ta ƙanƙancewa. Sambisa da duniya ta sani da wani abu daban, gandun namun daji ce a da. Kamuku ta Birnin Gwari ba ta shiguwa. Bakin tafkin Cadi sai da rakiyar soja. Ba na ba kowa shawarar jarumta a nan. Doguwar kyamara daga nesa kama take yi da makami, baƙo mai leƙe-leƙe a bakin daji kuma ɗan leƙen asiri ne a idon kowane ɓangare. Ko a wurin da ke lafiya, ƙa'idata ba ta sauya ba: in na isa gari sai na fara zuwa gaida dagaci ko mai unguwa, in ce, "Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne, hoton tsuntsaye da itatuwa nake ɗauka," in nuna masa wasu a hannu, in roƙi ya haɗa ni da yaro. Wannan gaisuwa ta minti goma ta fi kowace takardar izini aiki. Gada, shingen jami'an tsaro, barikin soja, ba a ɗaga musu kyamara ko da wane irin tsuntsu ne ya sauka a kai.

Mutane kuma ba namun daji ba ne da za a laɓe a ɗauke su. Akwai wanda ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, ba na jayayya da shi, nakan sauke kyamara mu ci gaba da hira. Matan aure a bakin rijiya ko rafi ba a ɗaukar su sai da yardarsu da ta mutanensu. In na ɗauki makiyayi da shanunsa, nakan wanke in kai masa in Allah ya sake haɗa mu, kuma sau da yawa saniyar yake fara dubawa kafin kansa. Rugar da na kai wa hoto ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba.

Kan batun gyaran hoto a kwamfuta ba ni da dogon zance. A ƙara haske, a rage duhu, a yanke gefe, duk mun yi irinsa tun a ɗakin wanki. Amma a ƙara wa Mambila koren da Allah bai ba ta ba, ko a ɗauko zakin wata ƙasa a sa a Facebook a ce Yankari ne, wannan ƙarya ce, kuma tana cutar da mai gaskiya, don ranar da ya kawo hoton gaske sai a ce bai yi kyau ba. Mambila da Gashaka Gumti, inda Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, ba su buƙatar kwalliyar kowa.

Ajiya ita ce wahalar da ba a gaya wa mai farawa. Nagatif ɗin da na ɗauka kafin a haifi 'ya'yana yana nan garau, muddin an tsare shi daga laima da gara. Faya-fayan CD da aka ce mana za su shekara ɗari, da yawa sun daina buɗewa. Abin da ke kan waya kaɗai kuwa, ranar da ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a kasuwa ya tafi. Duk hoton da nake ji da shi yana wuri uku, ɗaya ba a gidana ba, kuma mafi muhimmanci nakan wanke su a takarda.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Gwiwar da ta hau tsaunukan Gashaka yanzu sai da lallashi take hawa matakalar masallaci, jakar da nake saɓawa in wuni da ita sai jikana ya ɗaukar mini. Sana'ar dai ba ta korar tsoho. Sebastião Salgado na Brazil, wanda ya rasu a 2025, masanin tattalin arziki ne da bai kama kyamara sosai ba sai wajen shekara talatin, kuma babban aikinsa kan halittu da wuraren da ɗan Adam bai ɓata ba ya fito a 2013 yana dab da saba'in, bayan shekara takwas yana yawo. Ni ba ni da kuɗin yawonsa, kuma hanyoyin ma sun rufe, sai na juyo kusa da gida. Gawon da ke gonar bayan gari, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani saɓanin sauran itatuwa, na ɗauke shi a kowane wata na shekara. Shamuwar da ke sheƙa a tsamiyar unguwarmu, ina rubuta ranar da ta iso kowace bazara da ranar da ruwan fari ya sauka, in ga ko har yanzu maganar manoma na nan cewa zuwanta albishir ne na damina. Kududdufin da ake zubar da shara a gefensa, in aka zauna da sassafe, ana ƙirga tsuntsu iri-iri fiye da yadda mai wucewa zai yarda.

Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, inda kowa ke iya aika abin da ya gani ta waya. Samari daga Kano da Jigawa da Bauchi sun shiga, wasunsu sun fi ni sanin sunayen Turanci da na kimiyya, ni kuma na fi su sanin inda za a tsaya da wanda za a gaisar. Ranar Asabar mukan fita tare zuwa dam ko fadamar da ke kusa. Sauran kwanakin mako kuma muna zaune da jikana muna mai da tsofaffin nagatif cikin kwamfuta, yana karanto rubutun bayan ambulan ina gyara masa sunayen ƙauyuka. Mun gama na Nguru da na Baga, yanzu muna kan akwatin Yankari.